Daga Maƙera Zuwa Shagon Walda: Tarihin Ƙarfen Noma a Ƙasar Birnin Lalle

Ƙasar Birnin Lalle jigawa ce. Wanda ya taso daga Maraɗi ya miƙi hanyar Dakoro, tun kafin ya wuce Kornaka zai lura rairayi na ƙaruwa, itatuwa na ƙara tazara, gonaki na ƙara faɗi. Ruwan shekara a wannan yanki yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 400, kuma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Gero da wake su ne abin dogaro, dawa sai a kwari. Tarihin Gobirawa ya ce a nan sarakunansu suka zauna bayan sun baro Azbin, tun ba a san da Alƙalawa ko Tsibiri ba. Can wajen kwarin Tarka kuma dokar 1961 ta ja iyakar noma, daga nan zuwa arewa ƙasar makiyaya ce. Ke nan manomin Birnin Lalle a bakin iyaka yake zaune, inda jinkirin mako guda kan cinye damina sukutum.

In aka bi tarihin kayan noman da suka shigo wannan ƙasa cikin shekaru ɗari da suka wuce, abu ɗaya ake ta cin karo da shi: babu wanda ya zauna yadda masana'anta ta ƙero shi. Wanda maƙeri ya iya kwancewa, ya rage nan ya ƙara can, shi ne ya zauna har ya yi 'ya'ya. Wanda ya gagari maƙeri kuwa, a bayan katanga ya ƙare, tsatsa na cinsa, awaki na kwana ƙarƙashinsa.

Farkon abin hauyar tsaye ce. Ƙotarta ta fi tsayin mutum, bakinta kamar jinjirin wata, manomi na tsaye yana tura ta gaba, tana bi ta ƙarƙashin fatar ƙasa tana yanke saiwar haki. A kudu, wajen Gulbin Maraɗi inda ƙasa ke da nauyi, noman duƙe ake yi da gajeriyar hauya. Claude Raynaut, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin noman jihar Maraɗi, ya yi rubutu a kan yadda waɗannan hauyoyi biyu suka raba ƙasar tsakaninsu. Dalilin rabon ba ɓoyayye ba ne. Mutanen da suka yi ta hawowa arewa suna saran daji a zamanin Turawa sun tarar da fili mai yawa, hannu kaɗan, ƙasa mai taushi. Hauyar tsaye ta fi sauri, ba ta karya ƙugu, kuma ba ta birkice ƙasa balle iska ta kwashe ta. Wanda ya fara ƙera ta bai san kalmar zaizayar ƙasa a takarda ba, amma ya san abin da guguwar farkon damina ke yi wa gonar da aka tona da yawa.

Kuma babu hauya biyu da suke daidai. Maƙeri yana duban mai ita kafin ya ɗora ƙarfe a wuta. Ta magidanci mai ƙarfi daban, ta yaro daban, ta macen da za ta yi noman gamanarta da yamma daban. Gonar tudu mai zallar rairayi a faɗaɗa baki, gonar da ke da tauri a tsuke shi a ƙara masa kauri. In mai ita ya kai ta gona ya ji tana nutsewa da yawa ko tana tsalle, ya dawo da ita ranar kasuwa a lanƙwasa wuyan kaɗan. Wannan al'ada ta kai-komo tsakanin gona da maƙera ita ce uwar duk abin da ya biyo baya.

Ƙarfen kansa ya canza tun kafin siffar kayan ta canza. Da can maƙera tama suke haƙowa su narka, aiki na kwanaki da gawayi mai yawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motocin ɗaukar gyaɗa suka biyo baya, sai tsohon ƙarfe ya wadata a kasuwanni, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Maƙera ba su ɗauki lokaci ba suka gane halin kowane ƙarfe. Sifirin ɗin babbar mota yana riƙe kaifi, shi ya dace da gatari da bakin garma. Ƙarfen ganga na da laushi, sai murhu da mazubi. Ƙarfen gini a yi ƙusa da ƙugiya. Mota ta mutu a hanyar Tawa ko Damagaram, bayan shekara guda tana cikin gonaki goma tana noma.

Garmar shanu ta ƙofa biyu ta shigo. A Najeriya, tun ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawan Ingila ta fara ba manoma bijimai biyu da garma bashi ta hannun En'e, musamman a ƙasar auduga, wajen Daudawa da Funtuwa da Zariya. Garmar huɗa da ake kira Emcot ita ta yi suna, har maƙeran Katsina suka koyi kwaikwayonta, ta riƙa tsallakowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Ta ɓangaren Faransa kuma, wani injiniya mai suna Jean Nolle ya zauna a Senegal a shekarun 1950 yana ƙera kayan da dabba za ta ja. Dabararsa ita ce a yi gangar jiki ɗaya, a riƙa canza mata baki: yau garma, gobe haƙoran noma, jibi abin tonon gyaɗa. Irin wannan ƙira ce aka sani a Nijar da sunan Arara. Injin shuka mai suna Super Eco shi ma daga Senegal ya bazu.

A Nijar, kuɗin gyaɗa ne ya ɗauki nauyin waɗannan kaya. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa, aka kafa UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi. Wajen 1966 da 1967 gyaɗar Nijar ta kai ƙololuwa. Sai fari ya kunno kai, ya yi tsanani a 1973, sannan a 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta kwantar da gonakin gyaɗa. Abin da zai biya bashin garma ya tafi.

Zamanin Seyni Kountché, da kuɗin yuraniyom da tallafin waje, aka sake ɗaura ɗamara. Babban furojen raya karkara na Maraɗi ya fara aiki a rabin ƙarshe na shekarun 1970 da kuɗin Bankin Duniya. Aka buɗe wuraren ƙera kayan noma na gwamnati: SEFAMAG a Maraɗi, UCOMA a Damagaram, ACREMA a Tawa, CDARMA a Doso. Aka riƙa ɗaukar samari da matansu a kai su cibiyoyin horo su yi damina guda suna koyon shuka a layi da sa takin zamani da sarrafa shanu, in sun gama a sallame su da bijimai da garma da amalanke, duk bashi. Mafi yawan hidimar kudu ta karkata, inda ruwa ya fi. Abin da ya iso ƙasar Dakoro ya iso ne a hankali, rabi ta hannun ma'aikatan gona, rabi ta hannun 'yan kasuwa da 'yan cin rani.

A nan manoma suka yanke hukuncin da masu tsara furoje ba su zata ba. Cikin kayan da aka raba, wanda aka ɗauka ƙaramin abu ne, wato amalanke, shi ya fi komai karɓuwa. Garma aikin 'yan kwanaki take yi a shekara, a jigawa ma ba kowa ke buƙatarta ba, tunda da sungumi ake shuka ba tare da an yi huɗa ba. Amalanke kuwa ba ta da rani ba ta da damina. Ta kai taki gona, ta kwaso damman gero, ta ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba talatin ko fiye, ta kai buhu kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Mutum ya sayar da garmar a ɓoye ya riƙe amalanken, kuma lissafinsa daidai ne.

Farin 1984 ya zo ya share shanu. A watan Afrilun shekarar Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran yunwar El-Buhari. Bashin noma ya tsaya, aka rushe UNCC, wuraren ƙira na gwamnati suka rasa mai saye. Da a ce kayan nan sun dogara da gwamnati kaɗai, da nan labarinsu ya ƙare.

Sai dai furojen ya bar wani abu da ba a lissafa shi da yawa a rahoto ba: maƙeran ƙauye da aka koya wa gyaran kayan shanu, da samarin da suka koyi walda. Su suka ɗauki abin daga inda ya faɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai haɗa amalanke ya san yadda aikin yake. Ga tsohon aksul ɗin bayan Peugeot 404 ko 504 a jingine, an sayo shi wajen masu kayan gwangwan. Ogan shagon ya tsuguna ya juya ƙafar da hannu, ya kara kunne yana sauraron boris, in ya ji ƙara-ƙara ya ce a kwance. Ba ya auna komai da takarda. Sanda gare shi mai tsaga-tsaga, wannan tsagar faɗin amalanken jaki, waccan ta shanu. Ya tambayi mai saye: "Alhaji, ruwa za ta ɗauka ko kara?" In ruwa ne, a gajarta gadon a ƙarfafa tsakiya saboda ganga biyu. In kara ne da harawa, a tsawaita, a sa ƙahonni a gefe. Ya matsar da aksul ɗin baya da ɗan yatsa uku don kada nauyi ya ɗaga jaki sama a hawan tudu, ko ya danne masa gadon baya a gangara. Yaron shago na riƙe da ƙarfe da awartaki, fuskarsa a kauce, tartsatsi na zuba a rairayi. In an gama a shafa fenti shuɗi ko kore, a rubuta wata addu'a ko kirari a allon baya. Tayoyin kuwa tsofaffi ne da mota ta gama da su, a rage musu iska don su hau rairayi ba su nutse ba.

Haka aka yi wa injin shuka. An ƙero shi don gyaɗa, a cikinsa akwai faifai mai huji da ke ɗibar iri yana sakewa. Maƙera suka koyi yanka sababbin faya-fayi da tsohon alminiyom, mai ƙananan huji na gero, mai manya na wake. Da noman aya ya bunƙasa a kudancin jihar, wajen Agye da Cadawa da Madarunfa, injin shukan da aka zata ya mutu tare da gyaɗa sai ya sake rayuwa, kuma yawancin waɗanda ke aiki yau ba su taɓa ganin Senegal ba. Arara mai nauyi da bijimai biyu ke ja, aka rage mata ƙarfe har jaki ɗaya ko raƙumi ya iya. Masu bincike ma daga baya suka bi sawun manoma: hauyar jaki da ake kira HATA, wadda masana daga jami'ar Hohenheim ta Jamus suka gwada a Nijar, bakin hauyar tsaye ta ɗauka ta jera a jikin ƙarfe.

Babbar tarakta kuwa labarinta gajere ne, ko da yake an fi yi mata biki. Najeriya ta kafa wurin haɗa Steyr a Bauci da na Fiat a Kano a zamanin kuɗin fetur. A Nijar gwamnatoci sun yi ta shigo da taraktoci, har zuwa shirin 3N na zamanin Mahamadou Issoufou da hukumar CAIMA mai sayar da kayan noma. A fadama, a filin ban-ruwa na Jiratawa, a gonar babban ɗan kasuwa mai hekta hamsin, tarakta na da aiki. A tudun Birnin Lalle fa? Faya-fayanta na niƙe ƙasa ta koma gari, iskar da ke gaban hadari ta kwashe ta binne tsiron maƙwabci. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa ke son ta a safiya ɗaya. In famfon mai ya lalace, sai an aika Kano ko Yamai, kafin ya iso an gama maimai.

Akwai kuma itatuwa. Tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su daina tumɓuke kututture su riƙa gyara tohonsa, sassaben zamani ya mamaye gonaki. Masana sun ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin itace a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gonar da ke da gawo da kalgo da sabara a warwatse ba wurin babbar tarakta ba ce. Wanda zai ce a sare su don inji ya samu hanya, ya sayar da rumbu ne ya sayi mabuɗi. Injin da zai yi aiki a nan dole ya zama ƙarami, mai iya kewaya kututture.

Ƙaramin injin noma shi ma a wasu ƙasashe ba daga babbar masana'anta ya fara ba. A Amurka, lokacin karayar arziki ta shekarun 1930 da yaƙin duniya na biyu, manoman da ba su da kuɗin tarakta tsofaffin motocin Ford suka riƙa yankewa. Su gajarta shasi, su sa aksul ɗin babbar mota a baya, su ƙara giyabos na biyu don tafiyar ta ragu ƙarfin ja ya ƙaru. A jihar Indiana wani mutum mai suna Elmer Pond ya fara haɗa ƙananan taraktoci a garejinsa da kayan babur da na mota, abin da ya zama kamfanin Wheel Horse bayan 1946. Ganin kasuwa ta buɗe, manya suka shigo: Cub Cadet a 1961, John Deere da samfurinsa na 110 a 1963. A Italiya ma, Ferruccio Lamborghini da ake sanin sunansa a motocin alfarma masu gudu, da ragowar motocin soja ya haɗa taraktarsa ta farko a 1948.

Yau a Amurka abin ya zama sha'awa. Mutum ya sayi tsohuwar taraktar lambu ta shekarun 1960, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya sake mata fenti irin na asali, ko ya cire injinta ya sa wanda ya ninka shi ƙarfi. Wasu su ƙara mata nauyi da manyan tayoyi su shiga gasar jan kaya, a ga wadda za ta fi nisa da abin da aka ɗaura mata. A Ingila tun 1973 ake tseren injinan yankan ciyawa. Mai karatu a Dakoro zai iya cewa wannan wasan ƙosassu ne, kuma akwai gaskiya a ciki: su ranar hutu suke yi, namu kuwa abincin gidansa ke rataye a bakin waldar. Amma ban yarda a raina abin ba. Hannun da ke kwance inji don daɗi shi ne hannun da ya san cikinsa, kuma mai waldarmu ma ba yunwa kaɗai ke tura shi ba. Dubi fuskarsa ranar da abin da ya haɗa ya tashi a bugun farko, jama'a sun taru. Wani abin lura kuma: manyan taraktocin Amurka na yanzu kwamfuta ke sarrafa su, manomi ba ya iya gyara nasa sai wakilin kamfani ya zo, har sai da jihar Colorado ta yi doka a 2023 don ba manoma 'yancin gyaran kayansu. Abin da suke nema a majalisa, mu yana hannunmu. Ya kamata masu sayo mana injuna su riƙa tuna haka kafin su sa hannu a takarda.

Misalan da suka fi kusa da mu na Asiya ne. A Gujarat ta Indiya, cikin 1994, wani makanike mai suna Mansukhbhai Jagani ya cire ƙafar bayan babur ɗin Bullet ya sa masa ƙafa biyu da abin jan garma, saboda fari ya sa riƙon shanu ya gagari manoman yankinsa. A Bangaladash kuma, bayan ambaliyar 1988 gwamnati ta sassauta dokar shigo da ƙananan injinan dizal na Sin, cikin 'yan shekaru suka cika ƙauyuka, suna ban-ruwa, suna noma, suna tura kwalekwale.

Wannan injin na Sin shi ne ya canza ƙauyukanmu, ba tarakta ba. Kafin shi akwai Lister na Ingila da irinsa na Indiya a gidajen niƙa, masu nauyi, masu tsada, masu tsawon rai. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 kayan Turai suka fi ƙarfin talaka, na Sin suka samu ƙofa. Changfa da 'yan uwansa fistin ɗaya gare su, a kwance, ƙarfin doki 6, ko 12, ko 20 da ɗoriya. A gefe akwai babban faifan ƙarfe mai nauyi, a sama akwai tukunyar ruwa a buɗe. Mai injin ya sa hannun tayarwa, ya danne ɗan maɓallin da ke sassauta numfashin injin da hagunsa, ya yi ta juyawa da dama har faifan ya ɗauki gudu, sannan ya saki. Injin ya yi tari biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama bugu. Babu batir, babu waya. Sifana huɗu sun isa a kwance shi gaba ɗaya a kan buhu.

Shi ma bai tsira daga gyara ba. Tukunyar ruwansa ƙarama ce, a zafin bazara cikin sa'a guda ta tafasa ta ƙone, sai aka jona masa ganga da tiyo biyu, ruwan zafi na hawa na sanyi na sauka. Ƙura ce ajalinsa, tana cin ringi da hannun riga, don haka makanikai ke tsawaita bututun shaƙar iska a ɗaga shi sama, wasu su ɗaura masa tsumma. Fuli kuwa kowa da girman da yake yankawa, gwargwadon abin da bel zai juya. Da safe injin na niƙa, da rana a kwance shi a ɗora a amalanke a kai shi masussuka ya juya injin sussukar gero, da dare ya ba da wutar cajin waya ko ta walda. Hukumomin raya ƙasa sun ɗauki wannan dabara ta inji ɗaya aiki da yawa suka yi mata tsari a Mali a shekarun 1990, daga baya ta zo Nijar ta hannun ƙungiyoyin mata. Kuma in ana maganar wanda inji ya sauƙaƙa wa rayuwa a ƙasar nan, kafin a ambaci mai gona a fara da matar da ta tashi tun asuba tana sussuka da surfe da daka.

Bayan shi sai babur na Sin, sai mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda ya fara ƙwace wa amalanke doguwar tafiya. Shi ma da ya iso sai an ƙara masa sifirin, an ɗaga bodinsa, an yi masa rumfa. Masu lambu a gulbi kuma, da fetur ya yi tsada, musamman bayan Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023, da yawa suka canza wa injin ban-ruwa kafireto ya koma shan iskar gas ta tukunya.

To, tunda ga inji, ga giyabos ɗin tsohuwar mota, ga mai walda, me ya hana ƙaramar tarakta 'yar gida ta cika gonakin Birnin Lalle? Ana gwadawa. Daga Panteka ta Kaduna zuwa shagunan Kano da Maraɗi, lokaci-lokaci wani saurayi kan fito da tasa, a ɗauke shi a waya a yaɗa. A kudancin Najeriya injiniya Olufemi Odeleye ya daɗe yana aiki a kan Tryctor, tarakta mai ƙafa uku da aka gina a kan tsarin babur. Amma matsalolin na gaske ne. Babur don gudu aka yi shi, noma kuwa tafiyar ƙafa yake so, kilomita 3 ko 4 a sa'a, da ƙarfin ja mai yawa. Sai an rage gudun da sarƙa da haƙora hawa biyu, kuma kowane hawa wuri ne na lalacewa. Injin da iska ke sanyaya shi, in yana rarrafe a rana mai zafin digiri 40, ba ya samun iskar, sai ya ƙone. In abin ya yi sauƙi tayoyi su yi ta juyawa a rairayi suna haƙa rami, in an ƙara nauyi ya nutse. Sannan sai gonar ta kasance an shuka ta a layi, tazara ɗaya, alhali mai sungumi da takunsa yake auna rami, wake kuma na yaɗo tsakanin gero. Bijimi na ganin tsiro ya kauce, yana cin kara ya ba da taki, bayan shekara uku a sayar da shi da riba. Inji kullum darajarsa raguwa take.

Duk da haka buƙatar tana nan, kuma tana ƙaruwa. Noman firi shi ne maƙogwaron damina: kwana goma sha biyar zuwa ashirin bayan shuka, in haki ya riga ka, ka yi asarar rabin amfanin. A daidai lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, kuɗin ɗan ƙwadago ya hau, samarin gida kuma wasu suna Kano ko Legas, wasu Libiya da Aljeriya, wasu wajen haƙar zinariya a arewacin Agadas. Gayyar da ake yi da kiɗa a da ta yi wuya. Injin da ƙasar nan ke jira ba mai huɗa ba ne. Mai shuka ne a layi wanda zai saka ɗan taki a gindin kowane rami, irin dabarar da masu binciken ICRISAT na Sadore suka nuna amfaninta, sannan ya dawo ya yi noma sama-sama, zurfin yatsa biyu, yadda hauyar tsaye ke yi.

Akwai abin da ke ci mini rai a wannan sana'a, kuma ba zan rufe shi don ƙaunar masu ita ba. Bel da fuli a buɗe suke a kusan kowane injin niƙa da na sussuka. Bakin riga, gefen mayafi, hannun yaron da ke tura zangarniya, duk an san abin da ke faruwa, kuma asibiti na da nisa. Murfin bel guntun ƙarfen ganga ne da ƙusa huɗu. Mai waldan da ya iya daidaita nauyin amalanke da ɗan yatsa uku ba zai ce wannan ya gagare shi ba, kuma mai saye ya daina cewa a cire don a rage masa jaka guda.

Sauran gibin ba laifinsu ba ne. Maƙeri na iya ƙera gangar jiki, da baki, da fuli, amma ba ya iya ƙera boris, ko nozul, ko ringi. Waɗannan daga Sin suke zuwa, su sauka Kano, a saye su a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa, su bi ta Katsina su shigo Maraɗi, sannan su hau motar Dakoro. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, injuna da yawa sun kwanta saboda abin da bai fi tafin hannu ba. Kuɗin babbar tarakta guda ɗaya zai isa a ajiye irin waɗannan ƙananan kaya a Dakoro na shekaru, a sa wa wasu shaguna na'urar huda ƙarfe da ta yankan zare, a koya wa yaransu yadda ake ƙera abu goma su fito awo ɗaya, don faifan da aka saya a Kornaka ya shiga injin da aka haɗa a Birnin Lalle. In kuma ƙungiyar manoma za ta ba da aiki, ta ba da shi tun watan Janairu, lokacin da gero ke da araha a hannun manomi kuma maƙeri na da sarari, kada a jira sai hadari ya haɗu a gabas kowa ya rugo maƙera da karyayyen ƙarfe a hannu.